Wasiƙa Daga Amurka: Faɗa Wa Na Gaba Ba Ya Sauke Nauyi

Zuwa ga ƙanena,

Da fatan kana lafiya kai da iyali, da Inna da Kawu da sauran dangi na Dutsin-Ma da Kurfi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama. Muna jin labarin abin da mutanen ƙauyukan Safana da Batsari ke fama da shi a hannun 'yan bindiga, Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Saƙonka ya same ni. Na yi murna ƙwarai da jin an damƙa maka harkar wasanni a makarantarku, ga kuma yaran unguwa da kake horarwa bayan la'asar. Allah Ya taya ka riƙo. Ƙwallaye da rigunan da ka nema suna tafe a hannun mai zuwa Kano. Amma akwai maganar da ba ta yiwuwa a waya, gaban yara da baƙi, shi ya sa na zauna na rubuto.

Lokacin da na nemi in riƙa taimaka wa ƙungiyar ƙwallon da ɗana yake ciki a nan jihar Fensilbaniya, aikin sa-kai ne, ko sisi ba a biya. Duk da haka sai da suka binciki tarihina wajen 'yan sanda da hukumar kula da yara, suka ɗauki zanen yatsuna, suka zaunar da ni aka yi mini bita. Abu biyu suka fi nanatawa. Na farko, babba ba ya keɓewa da yaron da ba nasa ba, a ɗakin sauya kaya ne ko a mota. Na biyu, in ka yi zargin ana cutar da yaro, kai da kanka za ka kira lambar hukuma, daga baya ka sanar da shugabanka. Wasu 'yan uwanmu baƙi kan ji haushin wannan, su ce an mai da kowa abin zargi. Sai dai dokar ba haka kawai ta faɗo ba, wani mummunan abu ne ya haife ta.

A tsakiyar jihar nan akwai jami'ar da ake kira Penn State. Ƙwallon zari-ruga irin na Amurka shi ne tutiyarta, filin wasanta yana cin mutum fiye da 100,000. Daga 1966 zuwa 2011 wani dattijo, Joe Paterno, shi ne ya ja ragamar ƙungiyar. Ba don nasara kaɗai ake girmama shi ba: an san shi da matsa wa 'yan wasa su yi karatu, ya ba da dukiyarsa aka faɗaɗa ɗakin karatu na jami'ar, har mutum-mutuminsa aka kafa a bakin filin. Yana da wani daɗaɗɗen mataimaki, Jerry Sandusky, wanda a 1977 ya kafa gidauniyar tallafa wa yara marasa galihu mai suna Second Mile. Ta wannan gidauniya yake zaɓen yaran da zai lalata. Sai ya ja yaro a jiki, ya yi masa kyaututtuka, ya kai shi kallon wasa, iyaye suna ta sa masa albarka.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne yawan mutanen da suka ji ko suka gani. A 1998 wata uwa ta kai ƙara, aka yi bincike, aka rufe fayil ba a gurfanar da kowa ba. A 2000 wani mai shara ya gan shi da yaro a wurin wankan 'yan wasa, ya faɗa wa abokan aikinsa, tsoron kora ya rufe musu baki. A Fabrairun 2001 wani ƙaramin mai horarwa, Mike McQueary, ya gan shi a wurin da yaro ɗan kimanin shekara 10. Washegari ya je gidan Paterno ya faɗa masa. Paterno ya faɗa wa daraktan wasanni, maganar ta kai ga mataimakin shugaban jami'a, ta kai ga shugaban kansa, Graham Spanier. Daga ƙarshe abin da suka yanke shi ne a gaya wa Sandusky ya daina kawo yara harabar wasanni. Ba wanda ya kira hukumar kula da yara, ba wanda ya nemi sanin ko wane yaro ne. Kowa ya miƙa wa na gaba da shi, ya koma bakin aikinsa.

Shekara 10 aka ƙara kafin a kama shi, a Nuwamban 2011, bayan wani ɗan sakandare da mahaifiyarsa sun tsaya a kan maganarsu. A 2012 kotu ta same shi da laifuka 45 a kan yara 10, ta ɗaure shi shekara 30 zuwa 60. An kori Paterno, ɗalibai suka yi bore a titi don an taɓa gwarzonsu, ba don yaran ba. Watanni biyu bayan korar ya rasu, aka zo aka ɗauke mutum-mutumin nasa. Hukumar wasannin jami'o'i ta ci tarar jami'ar dala miliyan 60. A 2017 aka yanke wa Spanier da manyan jami'an nan biyu ɗauri saboda sakaci da lafiyar yaro.

Paterno ba a tuhume shi da komai ba, don dokar wancan lokaci ta ce ya sanar da na gaba da shi, ya kuwa sanar. Shugaban 'yan sandan jihar ma ya yarda ya cika sharaɗin doka, amma ya ce akwai nauyin da ke kan kowane ɗan Adam wanda ya wuce na doka. Shi kansa dattijon ya furta cewa da ya sani da ya yi fiye da abin da ya yi. Daga nan majalisar jihar ta gyara dokoki, tun ƙarshen 2014 wanda ya gani shi ne zai kai rahoto kai tsaye.

Kada ka ce wannan halin Turawa ne. Ka tuna 2019. A ƙarshen Satumba 'yan sanda suka fasa wani gidan horon kangararru a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, da tabon bulala a baya. A Oktoba sai ga namu na Daura, inda aka ceto mutum 67, manya da ƙananan yara, bayan waɗanda ke tsare sun yi bore wasu sun tsere. 'Yan sanda suka ce ban da duka da yunwa, har luwaɗi ake yi da wasunsu. 'Yan kwanaki tsakani aka buɗe wani a cikin birnin Katsina, aka fito da kusan 500. Waɗannan gidaje ba a dokar daji suke ba. A cikin unguwa suke, sun yi shekara da shekaru. Akwai masu kai ruwa, da masu sayar musu da itace, da maƙwabtan da katanga kaɗai ta raba su, da iyayen da ke zuwa ziyara. Ba zai yiwu a ce duk kurame ne ba. Girman mai gida da sunan addini da aka liƙa wa wurin su suka ɗaure bakin kowa, kamar yadda sunan ƙwallo ya ɗaure bakin mutanen Penn State.

Da aka sace 'yan makarantar Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, ba wanda ya ce a rufa asiri. Kowa ya ɗaga murya, don ɓarayin baƙi ne daga daji. Amma in mai cutar na gida ne, malami, ko mai horarwa, ko kawu, ko mai kanti da ke raba alawa, sai harshe ya yi nauyi. Ka san maganganun da ake yi, ni ma da su na tashi. “A bar wa Allah.” “Kada a ɓata sunan makaranta.” “Mutumin da ke sahun gaba a masallaci?” “Yaro ne, me ya sani?” In yarinya ce, “wa zai aure ta in aka ji?” Sai a taru a zauren wani babba, a ba da haƙuri, wani lokaci a miƙa 'yan kuɗi, a sauya wa mutumin wurin aiki. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda aka sauya wa makaranta ba a raba shi da halinsa ba, sababbin yara kawai aka ba shi waɗanda iyayensu ba su san komai ba.

Tsoron da iyaye ke yi wa sunan 'yarsu gaskiya ne, ba na raina shi. Yaron da aka cuta yana da haƙƙin a suturta shi: kada a ambaci sunansa a majalisa, kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook, kada a mai da shi abin nuni. Amma suturta yaro daban, ɓoye mai laifi daban, kuma ana iya yin na farko ba tare da na biyu ba. Masu cewa kai ƙara giba ne ko tonon asirin Musulmi, ka tura su ga malamai. Imamu Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, cikinsu har da kai kukan zalunci ga mai iko, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a game da mai cutarwa. Ta fuskar doka ma ba mu da uzuri. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003, Jihar Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari.

Ba ina ce maka komai na nan ya fi namu ba. A nan mutum kan yi shekaru bai san sunan maƙwabcinsa ba, shi ya sa suka jingina komai ga lambar waya da takarda. Wani lokaci tsarin yakan yi wa iyaye baƙi gaggawa, a shiga gida da bincike kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mu muna da abin da suka rasa: ɗa na kowa ne. A Kurfi yaro ba zai yi rashin kunya a bakin kasuwa ba sai wani dattijo ya tsawata masa, kafin ya isa gida labari ya riga shi. To me ya sa idon da ke ganin laifin yaro nan take ba ya ganin laifin da babba ya yi wa yaro? In muna da ikon tsawata wa ɗan wani, to kare shi ma ya hau kanmu.

Aikin da ka karɓa yana da haɗarinsa. Mai horarwa shi ke cewa wane zai buga, wane zai zauna a benci, wa za a ba takalmi, wa za a tafi da shi gasa Katsina. Yaron da ke mafarkin zama Ahmed Musa zai iya haɗiye abubuwa da yawa don kada a cire shi. Waɗanda aka fi hari kuwa su ne marasa mai tsaya musu: marayu, almajirai, da 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suka raɓe a Dutsin-Ma. Don haka ka kafa ƙa'ida tun yanzu, ta hau kanka kafin kowa. Babu babban da zai keɓe da yaro. In za a kwana a wajen gasa, manya biyu aƙalla, kuma iyaye su san inda aka sauka. Duk wanda ya zo da alkawarin kai yaro gwaji Turai, a zauna da shi gaban mahaifin yaron. Ka lura da yaron da ke son atisaye sai ya daina zuwa ba dalili, da babban da ke yawan yi wa yaro ɗaya kyauta.

In kuwa yaro ya zo maka da magana, ka saurare shi a natse, kada ka yi masa tsawa, kada ka haɗa shi gaba da gaba da wanda ya ambata. Ka gaya masa ba laifinsa ba ne. Ka rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa. In abin sabo ne, a kai shi Babban Asibitin Dutsin-Ma ko wanda ya fi kusa kafin wanka, domin shaida na gogewa, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai a cikin awa 72 yake amfani. Ka sanar da iyaye, in ba a cikin gidan cutar take ba. Ka sanar da shugaban makaranta, amma kada ka tsaya nan: ofishin 'yan sanda, sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duk ƙofofi ne. Ka kuma koma ka tambayi inda maganar ta kwana. Kada ka tara jama'a, kada ka yanke wa kowa hukunci, don ana iya yi wa mutum sharri, kuma bincike ne ke wanke marar laifi, ba shiru ba.

Zai yiwu a ƙi ka. Za a ce ka cika shisshigi, wani ya daina amsa gaisuwarka, a ce ɗan uwansa na Amurka ne ke zuga shi. Ka jure. Ka nuna wa abokan aikinka wannan takarda in ka ga da amfani, ku yi yarjejeniya tun kafin wani abu ya faru, don mutum ɗaya ana iya murƙushe shi, mutum biyar da wuya. Iyayen yaran nan amana suka ba ka. Duk abin da ka gani ko ka ji game da ɗayansu, nauyinsa yana wuyanka har sai ka tabbata yaron ya tsira, ko da ka faɗa wa duk manyan garin.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba ka ƙarfin zuciyar tsayawa a kan gaskiya.

Wassalam,
Yayanka