Waɗanda Ba Su Je Gida Hutu Ba

A ƙasar Amurka akwai wata rana da suke kira Ranar Godiya, wadda take faɗowa a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. In mai karatu yana son ya gane matsayinta a wurinsu, to ya tuna yadda tashoshin motarmu suke cika maƙil a jajiberin Sallah, kowa da ƙullin kayansa, kowa yana neman motar garinsu. Haka su ma suke yi. Tun ranar Talata ɗakunan kwanan ɗalibai suke fara yin fayau, kafin yammacin Laraba kuwa an garƙame ɗakin cin abinci, an bar makaranta da iska da busassun ganyaye. Mutum iri biyu ne kawai suke saura, wato baƙi irinmu da gidajensu suke bayan teku, da kuma 'yan wasan ƙwallon kwando.

Dalilin zaman waɗannan na biyu shi ne, lokacin wasansu yana farawa ne a farkon Nuwamba ya kai har Maris, saboda haka hutun Godiya da na Kirsimeti duk a tsakiyarsa suke faɗowa. Da yake ba a shiga aji a kwanakin, sai makarantu suka mayar da su lokacin shirya ƙananan gasanni. A tara ƙungiyoyi huɗu ko takwas a wuri ɗaya, a yi wasa biyu cikin kwana biyu, ko uku cikin kwana uku, a ba da kofi, kowa ya kama gabansa. Masu horarwa suna son abin, domin a nan suke gane ƙarfin yaransu kafin a shiga babbar gwagwarmaya. Masu otal su ma suna so. Yarinyar da ta yi wata uku rabonta da mahaifiyarta kuwa, ba a cika tambayarta ba.

Mata sun daɗe a wannan wasa, kusan tare aka haife su da shi. A 1891 James Naismith ya ƙirƙiro shi, a 1892 wata malama mai suna Senda Berenson ta koya wa ɗalibanta mata a kwalejin Smith, a 1896 kuma aka yi karawar farko tsakanin 'yan matan jami'o'i biyu, Stanford da Berkeley, inda aka tashi 2 da 1, kuma ba a bar maza sun shiga kallo ba. Amma kuɗi da kulawa ba su biyo baya ba sai bayan dokar 1972, wadda ta hana makarantun da suke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Duk da dokar, sai a 1982 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya wa mata gasar ƙasa.

Mu dai ba 'yan wasa ba ne, hasali ma ba mu taɓa jefa ƙwallo ta faɗa kwando ba. Abin da ya haɗa mu da su shi ne, a shekarun da muka yi muna ƙarin karatu a wata ƙaramar kwaleji da ke tsakiyar ƙasar, an ba mu ɗan aikin taimaka wa 'yan wasa a kan darussansu, domin duk wadda makinta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ba ta da damar sa riga. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa mako biyu ne kacal bayan hutun Godiya. Wannan ya sa mai horar da ƙungiyar mata, wata doguwar mace marar yawan magana, ta ce mu bi su gasar da za su je, mu riƙa zama da su da littattafai a mota da masauki. Da zaman kaɗaici a ɗaki gara tafiya, muka ce mun yarda.

Su goma sha biyu ne. Yawancinsu 'ya'yan manoma da ma'aikatan masana'antu ne na garuruwan kusa, waɗanda in ba don tallafin karatun da ƙwallo ta jawo musu ba, da wuya su ga ƙofar kwaleji. Akwai ɗaya kuma 'yar ƙasar Mali, wadda ta fi kowa tsawo, ta kuma fi kowa shiru. Tun ranar da ta ji mun yi sallama a waya ta ɗauke mu kawu, haka kuma take kiranmu har muka rabu. Shekararta biyu ke nan ba ta je gida ba, domin kuɗin jirgi ya fi ƙarfin gidansu.

Da asubar Alhamis muka tashi, wato a ranar bikin kanta. Awa bakwai muka yi a hanya, gonakin masara da aka girbe suna wucewa dama da hagu, dusar ƙanƙara ta yi musu fari-fari. Kowane gari muka ratsa, sai mu ga motoci sun yi layi a ƙofar gidaje, hayaƙi yana tashi, alamar dangi sun hallara. Cikin motarmu kuwa tsit, in ban da wadda take ƙus-ƙus a waya da kakarta, da wadda ta buɗe littafin ilimin halittu ta zuba masa ido ba ta juya shafi. A nan muka fahimci cewa aikin da aka kawo mu yi ba zai yiwu a ranar ba, muka rufe namu littafin mu ma.

Abin da ya sa muke wannan rubutu shi ne abin da muka tarar da muka isa. Garin da ake gasar bai kai wata babbar unguwa ta Kano ba, ɗakin wasan ma tsoho ne, kujerunsa na katako. Amma iyayen 'yan wasan masu masauki, da wasu tsofaffin matan garin, sun bar nasu gidajen sun zo sun jera tebura a farfajiyar ɗakin, sun dafa wa ƙungiyoyi huɗun nan abincin biki, har da waɗanda gobe za su kara da 'ya'yansu. Talotalo ne gasasshe, da dankali, da masara, da burodi mai zafi. Wata tsohuwa mai farin gashi ta bi layi tana tambaya ko akwai wanda ba ya cin alade, da muka ɗaga hannu mu biyu, ta ja mu gefe ta nuna mana abin da za mu ci da wanda za mu bari, sannan ta ɗauko wata tukunyar shinkafa da ta ce ta dafa ne ko da za a samu irinmu. 'Yar Malin nan ta dube mu ta ce, “Kawu, wannan matar kamar ta san gidanmu.” Ba ta ƙara cewa komai ba, ta sunkuya tana ci.

Ranar Juma'a aka lallasa mu. Babu wata kalma da ta fi wannan dacewa. A lokacin ana raba wasan mata gida biyu ne, minti ashirin-ashirin, domin sai a 2015 aka mayar da shi kashi huɗu na minti goma-goma, kuma tun kafin a tafi hutun rabin lokaci an ba mu ratar da ba ta kamuwa. Wannan ya jefa mu cikin wasan neman na uku, wanda aka sa ranar Asabar da hantsi, lokacin da mutanen gari suke kasuwa. 'Yan kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba, har kana jin ƙarar takalma a kan katako da numfashin 'yan wasa.

To, jama'a, a wannan wasan da babu kofi, babu 'yan jarida, babu mai tunawa da shi, a nan muka ga abin da ake kira zuciya. Ƙafafu sun yi nauyi saboda wasan jiya, ƙwallo tana ta dukan bakin kwando tana dawowa, amma duk wadda ta faɗi sai ta miƙe. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, ana binmu maki ɗaya, aka yi wa 'yar Mali ƙeta a ƙarƙashin kwando, alƙalin wasa ya ba ta jifa biyu daga kan layi, babu mai tare ta. Ita kuwa kowa ya san nan ne rauninta. Ta jefa ta farko ta shiga. Ta biyu ta zagaya bakin ƙarfen kamar mai shawara, ta fito. Aka ƙara minti biyar, aka cinye mu da maki uku. Muka zo na huɗu a cikin huɗu. Da muka fito, sai ga tsohuwar nan a bakin mota da ƙunshin sauran abinci, kowace yarinya da nata.

Tun daga lokacin muke bin labarin irin waɗannan gasanni, kuma abin da muke fara dubawa shi ne yadda aka karɓi baƙi, kafin mu duba wanda ya ci. Wanda ya fi burge mu shi ne na 2019. Akwai wata yarinya, Aliyah Boston, 'yar tsibirin St. Thomas a yankin Karibiyan, wadda ta bar iyayenta tana da shekara 12 ta koma wurin 'yar'uwar mahaifiyarta a jihar Massachusetts saboda karatu da ƙwallo. A shekararta ta farko a Jami'ar Karolina ta Kudu, ƙarƙashin mai horarwa Dawn Staley, ƙungiyar ta tafi gasar hutun Godiya da ake kira Paradise Jam, wadda a tsibirin nasu ake yin ta. Wato ita gasar hutu gida ta kai ta. A wasan farko, a gaban danginta, Indiana ta doke su 71 da 57. Bayan kwana biyu suka juya suka doke Baylor, mai riƙe da kofin ƙasa, 74 da 59. Wannan kashin da suka sha a hannun Indiana shi ne kaɗai a duk kakar, sun ci wasa 32, sannan annobar korona ta sa aka soke gasar ƙasa a Maris na 2020 suna kan gaba. A 2021 suka je irin wannan gasa a Bahamas, a wani zauren taro na otal da aka gyara ya koma filin wasa sosai, da kujerun 'yan kallo da fitilu da kyamarorin talabijin, suka doke Connecticut 73 da 57, inda a kashi na huɗu maki 3 kacal suka bar abokan karawar suka ci.

Mun ambaci zauren otal ɗin nan ne da gangan, domin shekara ɗaya bayan haka an sake yin wata gasar a zauren otal, a birnin Las Vegas, a hutun Godiya na 2022. A can shimfiɗa katakon wasa kawai aka yi a tsakiyar ɗaki, aka jera 'yan kujerun naɗewa a gefe, babu matattakalar 'yan kallo. Har tawul ɗin goge gumi cewa aka yi 'yan wasa su sauko da na ɗakunan kwanansu. Cikin ƙungiyoyin da aka gayyata kuwa har da Indiana, wadda a lokacin tana cikin goma na farko a ƙasar. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to a nan babu ko ɗaya daga ciki. Duk wannan da sauƙi, da a ce a nan ya tsaya. Ranar Asabar wata 'yar shekarar farko ta Jami'ar Auburn ta faɗi ta bugu da ƙasa, ta kasa tashi, sai aka waiwaya aka ga babu ma'aikatan agajin gaggawa a wurin. Fiye da minti 40 tana kwance kafin su iso. Allah ya taƙaita, ta samu sauƙi. Mai horar da Indiana, Teri Moren, ta fito fili ta ce wannan komawa baya ne ga wasan mata, kuma sai da aka tabbatar musu da masu agaji suna wurin kafin yaranta suka shiga fili a daren.

A ganinmu, talauci ba shi ne ya jawo wannan ba. Garin da muka je da 'yan matanmu bai mallaki abin da otal ɗaya na Las Vegas yake samu a dare guda ba, amma akwai motar asibiti a ƙofar ɗakin wasan tun daga busar farko har ta ƙarshe, har a wasan neman na uku. Wanda ya raba 'yar mutane da iyayenta a ranar biki ya ɗauki amana, kuma waɗanda suka shirya ta Las Vegas sun ɗauka cewa tunda mata ne, kome aka ba su za su karɓa su yi godiya. Ba su lura cewa kasuwar ta riga ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Wata goma sha shida da 'yan kwanaki bayan wannan abin kunya, a Afrilun 2024, kimanin mutum miliyan 18.9 ne suka kalli wasan ƙarshe na mata a talabijin, inda Karolina ta Kudu ta doke Iowa 87 da 75. Na maza da aka yi washegari, miliyan 14.8 ne suka kalla.