Ruwan Da Ya Tsaya Shi Ke Ƙona Hita

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ni da na daɗe ina aikin famfo, sai in ƙara da cewa ba ya kuma yin zafi banza.

Mazaunin Suleja ne ni, garin da ya ba da sunansa na Abuja ga sabon babban birni bayan an ƙirƙiro shi a 1976. Tun da gwamnati ta tare can a 1991, da yawa daga cikinmu kan yi sammako mu wuce Dutsen Zuma neman abinci. A gidajen manya da otal-otal na can na fara cin karo da babban bahon nan na ruwan ɗumi, wanda jama'a ke kira Jacuzzi da sunan iyalin da suka shahara da ƙera shi a Amurka. Aikinsa ba wuya: inji ya zuƙo ruwa ta cikin matata, ya tura shi ta bututun da hita take, ya komo da shi cikin bahon. Muddin ruwan yana zagayawa, yana kwashe zafin yana rarraba shi. Da zarar ya tsaya, ɗan abin da ya rage cikin bututu sai ya tafasa.

Saboda haka idan aka kira ni aka ce baho ya yi zafi fiye da kima, ko yana kashe kansa, nakan fara bin hanyar ruwa kafin in taɓa waya. Sai in duba ko ruwan ya ragu har bakin zuƙo yana shan iska. In ciro matata, wadda ƙurar hunturu da laka ta ruwan damina kan toshe. In duba ko wani ya rufe bawul ya manta, ko kuma iska ta maƙale cikin inji bayan an sake ruwa, sai a sassauta mahaɗar bututu ta fita. Sai duk wannan ya wuce sa'an nan in koma kan na'urar da ke auna zafi tana yanke wuta. A watannin Maris da Afrilu ma nakan tarar hita a kashe amma ruwa na ta hawa, domin rana da zafin injin kansa sun isa. Maganin shi ne a ɗage murfi da dare, a rage awannin aikin inji.

Ma'aunin da za a riƙe shi ne digiri 40 na Salsiyas. Tun 1979 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi kada ruwan irin wannan baho ya wuce haka, don mutum na iya yin suma a ciki ya nutse. Mace mai ciki da ƙananan yara kuwa, nasu ya kamata ya yi ƙasa da haka.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan talaka da bahon masu kuɗi? Ai darasin ɗaya ne da na hitar banɗakinmu a nan Suleja, inda ruwa kan zo ya ɗauke, tankin sama kuma ya ƙare ba a sani ba. In aka kunna hita ba ruwa a cikinta, ƙarfenta ba ya jimawa yake ƙonewa. Haka 'yar hitar da ake tsomawa a bokiti: in an manta da ita, ko aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba kowa a ɗaki, ruwa ya ƙafe, roba ta narke, sai gobara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaran ganin ido. Na taɓa zuwa wani gida na tarar wani gwani ya tsallake na'urar yanke wuta ya haɗa waya kai tsaye, wai don ta daina damun maigida. A wani gidan kuma an toshe ɗan bawul ɗin da ke fitar da ruwa idan matsi ya yi yawa, wai yana ɗiga yana ɓata bango. Alhali kuwa waɗannan biyun su ne masu gadin gida. Wanda ya kore su ya ajiye tukunya rufaffiya tana tafasa a bisa kan iyalinsa, kuma ranar da ta fashe ba ta sallama.

Don haka, jama'a, ga shawarata. Kafin a kunna hita, a buɗe famfon ruwan zafi a ga ruwa na zuba sosai ba tare da tari ba. Kada a sa hannu a bokiti sai an zare waya. A gwada ruwan wankan yaro da gwiwar hannu. In na'ura ta yanke wuta sau biyu, kada a matsa mata, a kira mai gyara, kuma a tambaye shi abin da ya hana ruwa gudana. Wanda ya ce zai cire ta a huta, a sallame shi.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.