Daga Tsibiri Zuwa Tsibiri a Bahar Rum

Mu mutanen tudu ne. Ruwa mafi girma da yawancin 'yan makarantarmu suka taɓa gani shi ne dam ɗin Kubanni a Samaru, ko kogin Galma in ya kawo da damina. Shekara da shekaru muna zana taswirar tafiye-tafiyen manzo Bulus a allo a Sabon Gari, tsibiran kuwa mukan ɗiga su da alli kamar ƙwayar gero. Ba mu taɓa tambayar kanmu yadda mutum yake tashi daga wannan ɗigo zuwa wancan ba. Sai ga ƙanen uwargida, wanda yake aiki a Atina ta ƙasar Girka, ya gayyace mu. Muka kwashi adashi, muka sha wahalar biza, muka shirya tafiya a dogon hutu.

Ana gobe za mu tashi, wata dattijuwa daga ikilisiyarmu ta yi sallama. Ɗanta ya yi karatu a hannunmu. Shekara uku ke nan da ya bi ta Agadas zuwa Libiya, daga can ya buga waya cewa za su hau ruwa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta ce, "Malam, an ce tekun za ku. Ku duba mini." Muka ce, "Mama, hanyarsa ta Italiya ce, tamu tana can gabas nesa ƙwarai." Ta ce ai ruwan ɗaya ne.

Daga Fireyas, tashar jiragen ruwa ta Atina, muka tashi da yamma. Jirgin fito ne, amma kada mai karatu ya tuna da kwalekwale. Bene ne hawa-hawa, bayansa yana buɗewa manyan motoci su shige da kayansu. Masu hali sun kama ɗaki, mu kuwa kujera muka biya. Bayan wajen awa takwas, cikin tsakar dare, muka sauka a Batmusa, wadda Turawa suke kira Patmos. Ba filin jirgin sama a wurin, kowa ta ruwa yake zuwa.

Tsibirin ƙarami ne, murabba'in kilomita 34, mutanensa wajen 3,000, duwatsu ne tsirara kamar Kufena da rani. Da safe muka hau tudu daga Skala, inda jirgi yake tsayawa. A tsakiyar hawan ne kogon yake, inda bisa ga al'adar ikilisiya Yohanna ya ga ru'yarsa wajen shekara ta 95, zamanin sarki Domitiyan. Kogon ya fi ɗakin ajinmu ƙanƙanta. Sai mutum ya sunkuya a wani gefen, rufin dutsen kuma ya tsage uku. Bisa tudun akwai gidan sufaye da aka kafa a 1088, mai kauri kamar kagara saboda 'yan fashin teku. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, duk inda muka juya ruwa ne. Kurkuku ke nan marar ƙofa. Mun daɗe muna koya wa yara cewa an kai Yohanna bauta a tsibiri, sai ran nan muka gane abin da muke faɗa.

Kwana biyu muka yi niyya, muka yi uku. Iskar arewa da suke kira meltemi ta taso, ƙaramin jirginmu bai zo ba. A Zariya in mota ta ƙi, akan koma Kwangila a nemi wata. Nan kuwa sai haƙuri, da kuɗin masauki na ƙarin dare, wanda ya ci abin da muka ware don tsaraba. Da jirgin ya zo, teku bai gama kwantawa ba. Uwargida ta yi ta tauna citta, mu kuma da muka yi mata dariya muka riga ta neman leda. Jirgin ya tsaya Leros da Kalimnos, kowace tsayawa 'yan mintoci ce. Wanda ya tsaya ɗaurin kaya sai ya ga ƙasa tana ja da baya.

Kos da Rodusa suna cikin Ayyukan Manzanni 21:1, Bulus ya bi ta kansu yana komawa Urushalima. A Kos an nuna mana itacen da ake cewa Hippokrates, uban likitoci, ya koyar a inuwarsa, ko da yake wanda yake tsaye yanzu bai kai zamaninsa ba ko kusa. Amma idonmu yana kan ƙetare. Gaɓar Turkiyya ga ta nan, fararen gidajenta ana iya ƙirgawa. A 2015 mutum fiye da 800,000, yawancinsu masu gudun yaƙin Siriya da Afganistan, suka haye irin wannan mashigi zuwa tsibiran Girka cikin kwalekwalen roba, ɗaruruwa suka nutse. Mu da muke da tikiti da fasfo da rigar ruwa a ƙarƙashin kujera, ga yadda iska ta yi da mu. Muka zauna a bakin gaɓa muka yi addu'a domin ɗan dattijuwar nan, muka ambaci sunansa.

Rodusa kwana ɗaya muka yi. Ganuwarta ta dutse tana nan lafiya lau tun zamanin mayaƙan Yohanna Mai Tsarki, waɗanda Turkawa suka ci da yaƙi a 1522. Muka tuna da ganuwar Zazzau da ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suke cinyewa, ranmu bai yi daɗi ba.

Da muka dawo, kafin mu shiga aji, gidan dattijuwar muka fara zuwa. Muka gaya mata gaskiya, ba mu ji labarin kowa ba. Muka ba ta ɗan gicciye na itacen zaitun daga Batmusa. Ta juya shi a hannu, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Malam, ruwan yana da sanyi?"