Dangin ruwa

Kalmar baftisma baƙuwa ce a bakin Bahaushe. Daga Helenanci ta fito, ta iso mana ta hannun masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, kuma har yau ba a yi mata takwara a harshenmu ba. A asalinta tana nufin tsoma abu cikin ruwa har ya nutse, kuma saiwarta ɗaya da kalmar da Helenawa suke faɗa idan marini ya tsoma zane cikin rini. Wannan bayani ya fi zauna mini a rai bisa duk wanda na ji a aji. Wanda ya taɓa tsayawa bakin marina, ya ga fari ya shiga baba ya fito shuɗi, ya san abu biyu: zanen ba zai koma yadda yake ba, sannan duk zanen da ya shiga ramin nan, na sarki ne ko na talaka, launi ɗaya zai ɗauko. Magana ta biyun ce ta fi wuya, ita ce kuma nake so mu duba tare.

Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, kamar yadda mafi yawan dangina suke, saboda haka bari in ɗan shimfiɗa tabarma. Kirista sun gaji baftisma daga Yahaya, wanda ya riƙa yi wa masu tuba ita a kogin Urdun, har Yesu Almasihu da kansa ya karɓe ta a hannunsa. Ba alwala ba ce da ake maimaitawa kullum. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya kwatanta ta da jana'iza: shiga ruwan binne tsohon mutum ne, fitowar kuwa tashi ne. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ya ƙara abin da ya fi wannan nauyi ga zaman jama'a, wato cewa a tsakanin waɗanda aka yi wa baftisma, bambancin ƙabila da na bawa da ɗa da na mace da namiji ya daina zama mizani.

A ƙasar da ake tambayar asalin mutum kafin a ba shi mata, inda ɗan maƙeri da ɗan mahauci suka san iyakarsu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka zauna a Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja a 1956. Ba asiri ba ne cewa da dama daga cikin waɗanda suka fara amsa kiran mutanen gefe ne: marayu, baƙi, marasa lafiya, waɗanda ba su da abin asara mai yawa. An sha yi mana gori da wannan. Ni kuwa ban taɓa jin kunyarsa ba, domin ina yaro na ga wani dattijo wanda kuturta ta cinye wa yatsu yana miƙa wa malamin makarantarmu gurasa a Jibin Ubangiji, malamin ya karɓa da hannu biyu ya ci. A wancan zamani mutane ba sa ko haɗa ƙwaryar sha da irin wannan dattijo. Ban san ma'anar abin da na gani ba sai daga baya, amma idona ya riƙe shi.

An yi mini baftisma ina da shekara 17, bayan na yi kusan shekara guda a ajin shiri. Sai da aka jira ƙarshen damina, lokacin da tabkin bayan gari yake da ruwan da zai kai ƙugu, domin a wurinmu ba a yarda da yayyafi ba, sai nutsarwa. A ƙasa irin tamu wannan sharaɗi yana da tsada, ya sa baftisma ta zama abin kaka kamar sussuka. Daga baya na karanta cewa wani ɗan littafin Kirista na ƙarni na farko ko farkon na biyu, mai suna Didake, ya riga ya hango wannan matsala: ya fi son ruwa mai gudu, amma ya yarda in babu a yi da wanda ya samu, in ma ya yi ƙaranci a zuba a ka sau uku. Ashe magabata sun fi mu sauƙin kai a kan mudun ruwa.

Abin da na fi tunawa ba sanyin tabkin ba ne. Kwana biyu kafin ranar, dattawan ikilisiya sun zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya. Na shiga da ayoyi cike da kai, ina jiran tambaya a kan koyarwa. Wanda ya fi su tsufa ya dube ni ya ce: «Yaro, akwai wanda ba kwa ga maciji da shi a garin nan?» Akwai kuwa, wani ɗan baffana, a kan maganar iyakar gona da iyayenmu suka bar mana. Ya ce to in tashi in je in gaishe shi, in dawo, sannan a yi maganar ruwa.

Ranar kuma, da muka fito mata suna guɗa, na hango kawuna tsaye nesa ƙarƙashin gawo, da carbinsa a hannu. Musulmi ne, bai taɓa taka majami'a ba, bai kuwa matso ba. Da yamma ya aiko aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi shiru jim kaɗan, ya ce: «To, na ga ka ƙara dangi. Kada dai ka rage.» A cikin waɗannan kalmomi akwai dukan tsoron da gida yake ji. A ƙasar Hausa ana iya kawar da kai ga yaron da ke zuwa sauraren wa'azi ko waƙa ran Lahadi, a ce ƙuruciya ce. Baftisma ita ce layin da in an ƙetare kowa ya san an ƙetare. Daga nan tambayoyi suke tashi: gado fa? Wa zai ba shi ɗiya? In ya mutu wa zai wanke shi, a wace maƙabarta? Ni na yi sa'a, mahaifina ya riga ni shiga, hanya a share take. Na san waɗanda suka kwana a zauren fasto daren baftismarsu saboda an rufe musu ƙofar gida.

Shi ya sa ƙaunar da Kirista suke yawan ambata ba ta iya tsayawa a baki a wurinmu. Bisa ƙidayar 2012 ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Wanda ruwa ya raba shi da tukunyar gidansu, dole wata tukunya ta buɗe masa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma haka na gan shi: gayyar noma a gonar gwauruwa, damin hatsi da ake ware wa sabon mai bi, ƴan tsofaffin da suke zama iyayen ango ranar da iyayensa na jini suka ƙi zuwa, samarin da suke haƙa kabari cikin zafin bazara ga mamacin da ba su san sunan kakansa ba. Idan aka ce «ɗan'uwa» a majami'a, ana nufin akwai wanda zai biya kuɗin magani.

Sai dai ramin rinin nan yana da masu gadi, kuma ba kowane zane suke bari ya shiga ba. A ƙauyenmu akwai wani manomi mai mata biyu, wanda ya aure su tun kafin ya ji bishara. Shekara fiye da ashirin yana zama a bencin baya. Shi ne mai kawo itacen rufi in majami'a ta yi yoyo, a gidansa baƙin masu wa'azi suke sauka, amma ba a yi masa baftisma ba, ba ya kuma cin Jibi, domin sharaɗin shi ne ya saki ɗaya. Ya ce ba zai mai da uwar ƴaƴansa bazawara don ya shiga ruwa ba. An yi wa matansa biyu, an yi wa ƴaƴansa, shi yana bakin tabki yana riƙe musu takalma. Wannan doka ba ta ƙauyenmu kaɗai ba ce. Kusan duk mishan na wancan zamani a Afirka haka suka yi. Bishop-bishop na Angilikan sun tsayar da ita a taronsu na Lambeth a 1888, kuma sai a 1988, bayan shekara ɗari cif, suka sassauta, suka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da sharaɗin ba zai ƙara aure ba. A ganina manomin nan ya fahimci ƙauna fiye da dokar da ta tsare shi. Ya rasu a bencinsa na baya, a ce.

Akwai kuma rabuwar da ke tsakanin waɗanda suka riga suka shiga ruwan. Ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM ta tsaya da ƙafarta a zamanin samun mulkin kai, da sunan EERN. Wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ta dare gida uku. Ba a kan baftisma aka rabu ba, ba a kan wata aya ba. Shugabanci ne da dukiya da ɓangaranci, irin abin da ke raba kowace ƙungiya, kuma membobin ƙungiyoyin al'adu da ke karanta ni sun san wannan ciwo. Na ga mutanen da fasto ɗaya ya nutsar a tabki ɗaya, rana ɗaya, suna wuce juna a kasuwar Maraɗi da gaisuwar fatar baki. An kafa ƙawancen AMEEN daga baya domin a sami inuwar da za a riƙa haɗuwa, ya kuwa yi amfani, amma tabon bai gama bajewa ba.

Tsakaninmu da Katolika kuwa ramin ya fi tsufa. Su suna yi wa jarirai, ta hanyar zuba ruwa a ka, suna cewa alherin Allah ne yake riga mutum, kamar yadda ake raɗa wa jariri suna bai san ana yi ba. Mu muna cewa sai mutum ya yi hankali ya amsa da bakinsa. Kowane ɓangare yana da hujja, ban kuwa ɗauki ɗayansu wawa ba. Inda abin yake ciwo shi ne in Bakatolike ya zo wurinmu aka ce sai an sake masa, wato an ce masa na farkon ba komai ba ne. Wannan gardama a nahiyarmu ta fi zafi tun da can. A ƙarni na huɗu da na biyar, a ƙasashen da yau ake kira Aljeriya da Tunisiya, mabiya Donatus suna sake yi wa duk wanda ya zo musu daga ɗaya ɓangaren baftisma, suna cewa hannun da ya yi ta farko ba shi da tsarki. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba, ya amsa musu cewa baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai zuba ruwan ba. An yi babban zama a kan rikicin a Kartaj a 411. A zamaninmu, majalisar Batikan ta biyu ta bayyana a 1964 cewa duk wanda aka yi wa baftisma cikin bangaskiya ga Almasihu ɗan'uwa ne ga Katolika, sannan a 1982, a Lima ta ƙasar Peru, masanan ikilisiyoyi masu yawa suka fitar da takardar da ta roƙi kowa ya girmama baftismar ɗan'uwansa. Takardu ne masu kyau. Tafiyarsu daga Lima zuwa Madawa ce take da nisa.

Wuta ce ta yi mana abin da takarda ta kasa. Ran 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi da zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum goma suka mutu, ƴan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. Masu ashana ba su tambayi wa ke nutsarwa wa ke yayyafawa ba. A Damagaram ɗaruruwan Kirista sun kwana a barikin soja, Bakatolike kusa da ɗan bishara, tabarma ɗaya, tulu ɗaya. Wajibi ne kuma in faɗa, domin gaskiya ce, cewa Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu a ranakun nan. Dangin da kawuna ya ce kada a rage, su ne suka buɗe ƙofa. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwanan watan: ran 18 ga Janairu ake fara makon addu'a domin haɗin kan Kirista a ƙasashe da yawa, kowace shekara. A shekarar nan ya same mu a haɗe, cikin toka.

An sake gina majami'un, kowa ya koma ƙarƙashin rufinsa. Gaisuwa ta ƙaru, ana zuwa jana'izar juna fiye da da, shugabanni suna zama tare in za a je gaban hukuma. Teburin Jibi dai har yanzu biyu ne.

Wani tsohon ɗalibina, malamin makaranta ne yanzu a jihar Tawa, ya auri Bakatolika, ɗiyar wani ma'aikaci daga Dogon Dutsi. Kafin biki wasu dattawa suka ce sai ta shiga tabki. Ta ce, cikin ladabi, an riga an yi mata tana da wata uku, uwar baftismarta tana nan da rai, ba za ta iya duban idonta ta ce abin da ta tsaya wa shaida wasa ne ba. Ya goyi bayanta, aka ɗaura auren bayan doguwar muhawara. Ran Lahadi tare suke fita gida a kan babur, ya sauke ta a ƙofar majami'arsu, ya wuce tasa, in an tashi ya biyo ya ɗauke ta. Bara na kai musu ziyara, na tarar da ɗiyarsu ta fari ta shiga aji uku. Uwar tana so a yi mata tun tana goye, uban ya ce a bari ta girma ta roƙa da kanta, kuma tun da ba wanda ya yarda ya karya zuciyar ɗayan, ba a yi ba har yanzu. Yarinyar, wannan mako ta sauka tare da uwarta, mako mai zuwa ta zarce da ubanta, ta kuma haddace waƙoƙin gida biyun duka.