Moshi Da Ukerewe: Inda Zabiyanci Ya Zama Maganar Asibiti

Galibin baƙin da ke sauka a garin Moshi na ƙasar Tanzaniya hawan dutse ke kawo su. Garin yana gindin Kilimanjaro ne, dutse mafi tsayi a Afirka, mita 5,895, kuma da sassafe kafin gajimare ya lulluɓe shi kana iya hango ƙanƙarar da ke ƙololuwarsa daga tsakiyar kasuwa. Gari ne mai tsabta da sanyin iska, gonakin ayaba da na kofi sun kewaye shi. Ni kuwa abin da ya kai ni yana can gefen gari, cikin babban asibitin KCMC, inda tun 1992 aka buɗe cibiyar horar da masu duba cututtukan fata, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Sunan da cibiyar ta yi wajen kula da zabiyoyi shi ya ja ni.

Dole a fara da ɓangaren da ba daɗin ji. An ƙiyasta cewa a Tanzaniya mutum ɗaya cikin kimanin 1,400 zabiya ne, alhali a Turai da Amurka ɗaya ne cikin 17,000 zuwa 20,000. A wannan ƙasa ce kuma bokaye suka yaɗa ƙaryar cewa sassan jikin zabiya suna kawo arziki ga masunta da masu haƙar zinariya da masu neman mulki. An kashe mutum fiye da 70 daga shekarar 2000, an sare wa wasu hannuwa, an tone kaburbura. A 2008 'yar jaridar BBC Vicky Ntetema ta ɓad da kama ta shiga wurin bokayen, ta fallasa cinikin, har sai da ta ɓuya don tsira da ranta. Abin bai mutu murus ba, don ko a 2024 an kashe wata yarinya 'yar shekara biyu a yankin Kagera. Duk da haka, abin da ya fi kashe zabiyoyi a ƙasar ba adda ba ce. Rana ce. Sankarar fata ta sa da yawansu ba sa kai shekara 40 a duniya.

Mutanen Moshi sun gane wannan da wuri, suka tunkare shi ba tare da hayaniya ba. Man kariya daga rana da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin talaka, saboda haka a 2012 aka fara haɗa nasu a nan gida, mai suna Kilisun, da jagorancin wata mai harhaɗa magunguna 'yar ƙasar Sifaniya, Mafalda Soto. Wurin ba wani makeken kamfani ba ne. Ma'aikata ne cikin fararen riguna da huluna, ana auna mai ana durawa a robobi, kuma cikin masu aikin akwai zabiyoyi. Kyauta ake rabawa. Wannan ya burge ni ƙwarai: ba su zauna jiran kwalaye daga Turai ba.

Amma inda na ga aikin ido da ido shi ne Ukerewe, tsibiri mafi girma a Tafkin Victoria. Daga birnin Mwanza mai manyan duwatsu ake shiga jirgin ruwa, a yi 'yan sa'o'i kafin a isa Nansio, babban garin tsibirin. Ƙasa ce ta rogo da lemo da kekuna, abincinsu tuwo da karfasa ko giwan ruwa. Ƙungiyar Standing Voice, wadda Harry Freeland ya kafa a 2013 bayan ya shafe shekaru yana ɗaukar fim kan rayuwar zabiyoyin tsibirin, tana aiki da likitocin ƙasar wajen shirya asibitin tafi-da-gidanka duk bayan wata shida.

Ranar asibitin, tun hantsi mutane suka cika inuwar baranda. Kafin a duba kowa sai da aka yi darasi. Wata ma'aikaciyar jinya ta zube wake a kan tebur, ja da fari, ta kira wani magidanci da matarsa, dukansu baƙaƙe wuluk, matar na goye da jariri fari sol. Ta danƙa wa kowannensu ƙwaya biyu, ja ɗaya fari ɗaya. Ta ce su rufe ido kowa ya ajiye ɗaya a tebur. Aka yi ta maimaitawa. Wani lokaci ja biyu, sau da yawa ja da fari, jefi-jefi kuma fari biyu. Duk sa'ad da fari biyu suka haɗu sai ta nuna jaririn. Na lura da fuskar mijin. Da farko ya ɗaure ta tamau, daga baya ya riƙa kallon farar ƙwayar da ke tafin hannunsa ya daɗe bai ce uffan ba.

Abin da waken ke nunawa ke nan. Launin fata da gashi da ido yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda jiki ke ƙerawa bisa umarnin ƙwayoyin gado. Kowane mutum yana karɓar umarnin sau biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ya samu tangarɗa ɗayan yana lafiya, mutum zai fito da launinsa cikakke, ya rayu ya mutu bai san yana ɗauke da komai ba. Sai irin waɗannan biyu sun yi aure, ɗa ya gaji mai tangarɗar daga kowane ɓangare, sannan a haifi zabiya. A kowane ciki damar hakan ɗaya ce cikin huɗu, kuma lissafin sabo yake komawa a kowace haihuwa, shi ya sa wani gida za a samu zabiya uku a jere, wani gidan kuwa babu ko ɗaya. Nau'in da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara shi ake kira OCA2, mai barin gashi ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya san yadda AS da AS ke haifar da mai sikila, to ya riga ya san wannan lissafi, don hanyar gadon ɗaya ce.

Na daɗe ina tunanin nauyin da wannan bayani ke saukewa daga kan mata. Shekara da shekaru uwa ake tuhuma: ko ta ci amanar aure da Bature, ko ta taka sawun aljani, ko an yi mata baki. Aure nawa ya mutu a kan haka, Allah kaɗai ya sani. Ga shi a gaban jama'a an nuna cewa rabin abin daga uba ya fito, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musabaha. Ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zabiya in ya auri wadda ba ta ɗauke da ƙwayar, 'ya'yansu da launinsu za su fito.

Bayan darasi aka shiga duba fata ɗaya bayan ɗaya. Likita na bin kunne, ƙeya, leɓe, goshi da bayan hannu, wuraren da rana ta fi duka. Yatsa yake sawa yana shafawa, yana neman wani ɗan kaushi mai kama da ɓawo, wanda shi ne mafarin sankara. In ya samu sai ya ɗauko wata 'yar tukunyar ƙarfe mai ruwan nitirojin, mai tsananin sanyi, ya fesa. Wurin ya yi fari fat, mutum ya ɗan cije baki, shi ke nan. Aikin daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma ya tare ciwon da in an bar shi zai ci rabin fuska. Daga nan kowa ya karɓi mansa da malafa mai faɗin baki, a sake nuna masa yadda ake shafawa, har bayan kunne. A zuciyata na ce, mu da ke da ranar Sakkwato da ta Agadas, malafa da doguwar riga da mayafi duk muna da su a gida. Bayanin ne ya yi mana ƙaranci.

Ido ma ba a bar shi a baya ba. Melanin na da hannu wajen ginuwar ido tun ɗa yana ciki, shi ya sa zabiya ke fama da rawar ido, da ƙyamar haske, da rashin gani daga nesa. Tabarau na taimakawa amma ba ya gyara abin gaba ɗaya. Yara da dama an yi musu kallon daƙiƙai a aji alhali allo ne ba sa gani. A nan ana ba ɗalibai wani ɗan madubin hangen nesa na ido ɗaya, ana kuma wayar da kan malamai su zaunar da su a layin gaba, su rubuta manyan baƙaƙe. Na ga wata yarinya ta kara nata a ido ta karanto rubutun da ke jikin bango tsallaken fili, tana karantawa tana dariya.

Gwamnati da kotuna sun yi nasu, ko da yake da jan ƙafa. A 2008 Shugaba Jakaya Kikwete ya naɗa wata zabiya, Al-Shaymaa Kwegyir, 'yar majalisa. A 2010 mutanen Lindi suka zaɓi Salum Barwany da ƙuri'unsu, zabiya na farko da ya ci zaɓen majalisa a ƙasar. A 2015 aka haramta sana'ar bokaye masu duba, a shekarar ce kuma Abdallah Possi, shi ma zabiya, ya zama mataimakin minista. A 2025 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke cewa ƙasar ta gaza wajen kare zabiyoyinta, ta umarce ta da gyara.

A can asibitin Ukerewe kuwa, ba kowa ne feshin sanyi ke wadatarwa ba. Wajen la'asar aka zo kan wani masunci da ya shekara yana rufe gyambon wuyansa da ƙyalle. Likita ya buɗe, ya duba, ya ce masa, “Baba, wannan sai an yi aiki.” Nan take aka rubuta masa takardar zuwa asibitin Bugando da ke Mwanza, aka karɓi lambar wayar ɗansa, aka shigar da sunansa cikin waɗanda za a bibiya kafin zagayowar wata shida.