Gidan Motown: Fari da Shuɗi a Detroit

A titin West Grand Boulevard da ke birnin Detroit na Amurka, akwai wani ɗan gida mai farin fenti da ratsin shuɗi. Berry Gordy ya saye shi a 1959, ya zauna da iyalinsa a bene, ya mai da garejin ɗakin ɗaukar waƙa. Nan Stevie Wonder ya yi waƙa tun yana yaro, nan Benny Benjamin ya riƙa kaɗa ganga. Tun 1985 gidan ya zama gidan tarihi.

Mai ziyara zai yi mamakin ƙanƙantar ɗakin. Makaɗa sun yi masa laƙabi da ramin macizai, saboda wayoyin da ke reto daga rufi.

To, ɗalibi mai shirin gyara ɗakin kiɗa a gida, ka lura: launi na ido ne, ba na kunne ba. Fenti mai haske yana sa ƙaramin ɗaki ya zama kamar mai faɗi. Amma amsa-kuwwar ganga, labule mai kauri da darduma ne maganinta. Kada ka shafa fenti a kan soson rage ƙara, domin yana toshe ramukan da ke shanye sauti.