Magarya: Ɗan damben da ke karatu da hannun hagu

Mu goma sha ɗaya ne muka tashi daga Sakkwato da sassafe ranar Asabar, mu 'yan ƙungiyar tarihi ta makarantarmu tare da malaminmu. Niyyarmu mu ziyarci Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, sannan mu ratse Magarya. Malam ya ce mana kafin Bello ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya zauna a Magarya, kuma Baturen nan Kilafatin, wanda ya zo Sakkwato sau biyu, a 1824 da 1826, ya sauka garin a zuwansa na biyu. Abin da muka fito nema ke nan, tsohon tarihi.

Mun bi ta Achida. Lokacin kaka ne, an yanke gero an ɗaure dammuna, fadamar gulbin Rima kuwa ta fara yin kore da dashen albasa da tafarnuwa. Wannan ruwa shi ne madatsar Goronyo ke tarewa ta sako wa masu noman rani, shi ya sa ko da daji ya bushe ƙurmus, bakin gulbi yana nan shar. Direbanmu ya gindaya mana sharaɗi tun a tasha: la'asar ta yi mana a hanyar komawa. Babu wanda ya tambaye shi dalili. Duk wanda ya san halin da ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ke ciki da 'yan bindiga a shekarun nan ya san abin da yake nufi.

Daga Wurno 'yan kabu-kabu suka kai mu Magarya. Gaskiyar magana, wanda ya zo yana tsammanin ganin gini ko allon da aka rubuta tarihi a kai zai koma da hannu biyu. Gari ne na manoma, gidajen ƙasa, rumbuna, jakuna ɗauke da buhunan albasa. Dattawan da muka gaida sun karɓe mu hannu bibbiyu, suka ba mu fura, suka nuna mana wuraren da kakanninsu suka ce nan ne. Mun rubuta abin da muka ji. Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai wani abu ne dabam da muka tarar a gindin wata tsamiya, bayan gari.

Wani saurayi ne, da kaɗan ya girme mu, zaune kan turmi. Hannunsa na dama ya kumbura, an shafa masa magani, don haka da hagu yake riƙe da wani tsohon littafin Turanci na aji huɗu na firamare, bangonsa ya yage. A gefensa waya ce mai fasasshen gilashi tana magana. Ɗan dambe ne, ɗan gidan rundawa, domin a nan ma, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe gadon mahauta ne tun asali. Ya yi wasa a Sakkwato, ya yi a Gusau, sau biyu ya je Kano.

Muka tambaye shi me ya haɗa dambe da littafin firamare. Ya yi dariya, ya ce wa malaminmu, “Malam, hannu na kashe mutum, amma takarda ta kashe ni.” Kisa a bakin 'yan dambe shi ne ka kai abokin karawarka ƙasa, kada wani ya tsorata.

Ga yadda abin ya faru. Bara wasu masu shirya wasa suka zo da kyamarori, suka ba shi takarda shafi uku da Turanci, suka ce izinin ɗaukar hoto ne kawai. Ya dangwala yatsa, ya yi turmi uku, ya yi kisa a na ƙarshe, aka ba shi kuɗinsa ya dawo gida. Bayan wata biyu wani ɗan garinsu da ke ci-rani a Legas ya aiko masa da bidiyon wasan, mutane da yawa sun kalla, ana ta rubutu a ƙasa da Turanci. A cikin masu rubutun har da wanda ya nemi a haɗa shi da shi. Bai iya karantawa ba, bai iya amsawa ba. Da ya kai takardar wurin wani malamin firamare, sai aka gaya masa abin da ya dangwala wa hannu: ya yarda hotonsa da sunansa su zama nasu, kuma ba zai yi wa wani mai kyamara wasa ba har shekara biyu. Ya ce daren nan bai yi barci ba.

Abin da ke magana a wayarsa kuwa hira ce da Khabib Nurmagomedov. Wasu daga cikinmu sun san shi. Mutumin Dagestan ne a ƙasar Rasha, Musulmi, tsohon zakaran damben keji na UFC, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Ya shiga UFC a 2012 Turancinsa bai taka kara ya karya ba, ya koye shi a wurin atisaye a Kalifoniya ta Amurka, har ya zama shi ke amsa tambayoyin 'yan jarida da bakinsa. Ya doke Conor McGregor a 2018, ya ajiye wasa a 2020 da nasara 29 ba tare da an taɓa cin sa ba. Saurayin ya ce dalilin da ya sa yake sauraronsa shi ne Turancinsa guntu-guntu ne, a hankali, ba irin na masu karanta labarai ba, kuma ba ya jin kunyar kuskure. Yakan tsai da bidiyon, ya maimaita jimla sau biyar, ya ci gaba.

Wata 'yar ajinmu ta kawo masa labarin Francis Ngannou, wanda bai sani ba sosai. Ɗan ƙauyen Batie ne a Kamaru, tun yana yaro yake haƙar yashi. Ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko, ya tsallaka teku, ya kwana a titunan Faris. Faransanci yake ji, sai daga baya ya koyi Turanci ya koma Amurka, ya zama zakaran masu nauyi na UFC a 2021. A 2023 ya bar kamfanin saboda bai gamsu da sharuɗɗan yarjejeniyarsu ba, ya je Riyad ya kara da Tyson Fury. Nan saurayin ya gyara zama. Ya ce, “Ashe shi ma takarda ce.”

Ba kowa ne ke son wannan karatu ba. Kawunsa, tsohon ɗan dambe, wanda tabon kara ke nan a wuyan hannunsa, ya zo ya same mu yana saurare. Ya ce, “Ɗiyana, mi Turanci ka yi cikin fage? Su Shago da Ɗandunawa da wane Turanci sunka yi suna?” A ganinsa, kiɗan kalangu da kirari su ne bakin ɗan dambe, kuma Ɗan'anace, mutumin ƙasar Gandi a nan Rabah, ya kai sunan 'yan dambe inda babu kyamarar da za ta kai shi. Ba mu yi masa musu ba, don akwai gaskiya a maganarsa. Amma a zamaninsu Shago makaɗi da mai wasa da 'yan kallo duk harshe ɗaya suke ji, kuɗin ma a fili ake liƙa shi kowa na gani. Yau akwai kamfanoni irin su African Warriors da Dambe Warriors da ke sa wasan a intanet, masu kallo na Ingila da Burazil, kuɗin kuma yana bi ta hanyoyin da ɗan wasa ba ya gani. Ga shi kuma wasan dare na ƙauyuka bayan girbi ya ja baya saboda tsoro, wanda ke son ci da dambe dole ya nufi birni.

Malaminmu ne ya haɗa zancen da abin da ya kawo mu. Ya ce a tawagar Kilafatin akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Fasko. An kama shi bawa, aka sayar da shi a bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aiki a jiragensu ya koyi Turanci, ya dawo ƙasar Hausa yana tafinta. Littattafan Turawan cike suke da ƙorafi a kansa, amma ba su iya rabuwa da shi ba, domin bakinsa suke bukata. Kawun ya jinjina kai, ya ce bai taɓa jin wannan ba.

Kafin mu tashi saurayin ya ciro takardar daga cikin leda, ya roƙi mu karanta masa shafi na biyu a hankali, kalma kalma, yana bi da yatsa. Mu da muke aji biyar na sakandare, sai da muka tsaya cik a wurare uku, har malam ya sa baki. Kunya ta kama mu ƙwarai. Wa'adin shekara biyun zai cika bayan damina mai zuwa, kuma ya ce kafin lokacin yana so ya iya karanta takarda irinta shi kaɗai. Ɗaya daga cikinmu ya bar masa ƙaramin ƙamus ɗinsa na Turanci da Hausa. Muna cikin rubuta masa lambar wayar malam a bayan bangon, sai ga ɗan kabu-kabu ya zo yana nuna mana rana.